Akwati Biyu Cike, Amma Babu Na Fita Unguwa

TAMBAYA: Anti, ni matar aure ce a Malikanchi, ƙaramar hukumar Ikara. Yarana huɗu, ina sayar da ƙuli da man gyaɗa a cikin gida, maigidana kuma manomi ne. Damuwata sutura ce. Akwatina biyu cike suke, har da jakar bakko a ƙarƙashin gado, amma in fita ta kama ni sai in rasa na sawa. Wannan ta koɗe, wannan ta zuba, wannan ɗinkinta ya wuce yayi. Kuɗin adashina kusan duk a anko suke ƙarewa, domin dangina suna Makarfi, dangin miji suna Hunƙuyi, kuma da an yi kaka biki ba ya yankewa. Wata ƙawata ta ce in daina sayen masu araha, in riƙa sayen mai tsada guda ɗaya. To Anti, da wane kuɗin? Kuma yaya zan yi da anko ba tare da an ce na yi girman kai ko na yanke zumunci ba?

AMSA: Ƙanwata, Allah Ya raya yaran, Ya sa albarka a sana'a.

Shawarar ƙawarki akwai gaskiya a cikinta, sai dai ba ta kai ƙarshen zancen ba. Ta gano cewa mai araha yana cinye miki kuɗi, kuma haka ne. Abin da ba ta faɗa miki ba shi ne tsada daban, nagarta daban. Sannan yawancin kayan da suka cika akwatunan nan ba ke kika zaɓe su ba, zaɓa miki aka yi, kika biya.

Mu fara da lissafi, tunda ke 'yar kasuwa ce. Kuɗin da zan ambata misali ne kawai, ki sa na kasuwarku a gurbinsu. A ce kin sayi turmin atamfa naira 7,000, tela ya karɓi 4,000, kin kashe 11,000 ke nan. A wanki na huɗu ja ya shiga cikin fari, a na shida jikinta ya fara tashi, kin dai lallaɓa kin sa ta sau 10 kika tura ta ƙasan akwati. Kowace sawa ta tsaya miki a kan 1,100. A ce kuma kin sayi ta 20,000, telan nan dai ya karɓi 4,000 ɗinsa, jimla 24,000. Kina sa ta sau biyu a wata har shekara uku, sau 72 ke nan, kowace sawa ba ta kai naira 350 ba. Kuma bayan shekara ukun ba ta mutu ba: za ta koma zanen zaman gida, daga nan ta zama zanen goyo, a ƙarshe ma a yanka wa 'yarki riga a jikinta.

Akwai wani abu a cikin lissafin nan da mata da yawa ba sa lura da shi. Tela ba ruwansa da kuɗin atamfarki. Keke ɗaya ne, zare ɗaya ne, wahala ɗaya ce. Wadda ta sayi masu araha turmi uku ta biya ɗinki uku, kuma kowanne sai ya nemi mayafin da zai shiga da shi. Ki tambayi maigidanki ko yana zaɓen irin tumatir don arharsa. Zai gaya miki cewa huɗa da taki da ban ruwa da kuɗin 'yan ƙwadago duk ɗaya ne, ko iri mai kyau ya shuka ko marar kyau, don haka ba a wajen iri ake yin tsimi ba. Magabata sun riga sun ce araha ba ta ado.

Yanzu ga inda na rabu da ƙawarki. In kika shiga kasuwa da niyyar "mai tsada zan saya", kin zama abincin mai shago. Sunayen da mata suke ji da su na gaske ne. Kamfanin Vlisco, mai atamfar da muke kira Holan, yana garin Helmond a ƙasar Holan tun 1846. Getzner, da maza suke alfahari da shaddarsa, yana garin Bludenz a Ostiriya. Amma sunan da ya yi ƙarfi shi ake kwaikwaya, kuma mai buga jabu ya iya buga tambari da takardar zinare da rubutun bakin zane. Sau da yawa abin da aka ɗora wa kuɗi takardar ce kawai. Na gaske kuwa kuɗinsa ya fi ƙarfin adashin mai ƙuli, kuma ba na ba ki shawarar ki bi shi. Tsakanin ta ƙasa can da ta sama can akwai atamfofi na tsaka-tsaki, auduga zalla, masu riƙe kala, waɗanda ba su da wani suna mai amo. Su nake so ki koyi ganewa da hannunki.

Ga yadda ake yi. Ki buɗe turmin, kada ki yarda da ganinsa a naɗe cikin leda. Ki juya bayansa. Atamfa mai kyau rininta ya ratsa zaren, ciki da waje kusan ɗaya suke, har sai kin duba da kyau kafin ki gane fuska. Wadda bayanta ya yi fari-fari fenti ne aka shafa mata a sama, ruwa da rana za su ɗauke shi. Ki kama gefe ki murza tsakanin yatsunki kamar mai wanki. In wurin ya yi laushi nan take ya zama shara-shara, ko kika ga wani gari-gari a yatsanki, to ƙarfin da kika ji da farko sitaci ne, wankin farko zai tafi da shi. Ki ɗaga ta saitin haske ki ga yadda saƙar ta matse. Ki tafi da ɗan farin ƙyalle a jaka, ki jiƙa shi, ki goga a kan wurin da kala ta fi duhu, musamman ja da shuɗi. Ɗan shafi kaɗan ba laifi ba ne, sabon rini yakan yi haka, amma in ƙyallen ya rine sosai ki ajiye masa kayansa. Na ƙarshe shi ne wuta: ki zare zare biyu ko uku daga bakin yankan, ki kunna masa ashana nesa da kayan mutane. Auduga tana ci da sauri, tana warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi da za ki murje. Roba narkewa take yi, ta dunƙule ta zama ɗan baƙin ƙwallo mai tauri. Ita ce atamfar da in kika sa ta a zafin bazara za ki ji kamar an rufe ki, gumi ba ya fita, kuma in tartsatsin murhu ya taɓa ta huda take yi nan take. Ga mace mai suyar ƙuli wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Mai shagon da ya san kayansa ba ya jin haushin wannan binciken. Wanda ya fara "Hajiya, in ba saye za ki yi ba ki bar ɓata min kaya", ya riga ya ba ki amsa. In kika dace da mai gaskiya guda ɗaya, ko a kasuwar Makarfi ko a Sabon Garin Zariya, ki riƙe shi. Wanda ya san za ki dawo baɗi ba ya son ki dawo masa da ƙorafi.

Za ki ce me ya sa iyayenmu ba su sha wannan wahalar haka ba? Dalili na nan kusa da ku. A 1957, zamanin Sardauna, masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki. United Nigerian Textiles ta biyo baya a 1964, ga Arewa Textiles, duk a yankin Kakuri, kuma dubban magidanta ne suke ci a ƙarƙashinsu. Audugar da suke saƙawa daga gonakin ƙasar Zazzau da Funtuwa da Gusau take zuwa, cibiyar binciken aikin gona ta Samaru kuma tana fitar da irin shukawa. Sai rashin wutar lantarki da tsadar baƙin mai suka haɗu da kayan Sin masu arha da ake shigowa da su ta ɓarauniyar hanya daga Kwatano da Maraɗi. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta tsaya a 2007, ko da yake an sake tayar da wani sashe nata daga baya. Tun daga nan mafi yawan abin da ke cike da Kantin Kwari a Kano, inda 'yan kasuwarku suke saro kaya, daga waje yake zuwa, da dala ake sayensa. A watan Mayun 2023 dala ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, amma a farkon 2024 ta haura 1,500. Ɗan kasuwa ya san aljihun mace bai ninka uku ba. In yana son ya ci gaba da sayar mata turmi a kuɗin da take iya biya, dole a rage wani abu a jikin turmin, ko kaurin zare, ko yawan auduga, ko ingancin rini. Don haka ba idonki ne ya lalace ba, kuma ba wankinki ba ne kaɗai.

Wani abin takaici, a ganina, shi ne mu da muke sayen abin da ba ya kai shekara jikokin masu yi wa duniya sutura ne. Baturen Jamus Heinrich Barth da ya shiga Kano a 1851 ya ba da labarin yadda saƙi da rinin ƙasar nan suke kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus. A birnin Zariya har yau akwai masu zama su yi wa babbar riga aikin hannu, aska biyu ko aska takwas, wata da watanni. Irin wannan rigar in ta tsufa karofi ake mayar da ita a sake turawa, a kai wa 'yan bugu ta dawo tana ƙyalli, kuma ana lissafa ta a cikin gado. Kakarki zannuwanta na fita ba su da yawa, amma ta san kowanne, ta san ranar da ya shigo hannunta.

To, mu zo kan anko, don a nan kuɗinki yake zurarewa. Ki duba yadda ake fitar da shi. Uwar biki ko ƙawayen amarya suna neman atamfar da mace talatin ko hamsin za su iya saye, don haka dole su gangaro ga mai araha, kuma kalar da za ta fito a hoto suke dubawa, babu mai tambayar ko tana jure wanki. Wani lokacin ma mai rabawa ta ɗora 'yar ribarta a kai, kowa ya sani, ba a dai faɗa. Ki kai wa tela a gurguje, shi ma ɗinkin mata ashirin ne a gabansa na rana ɗaya, ya zuga miki yadda ya samu. Ki sa ta wuni ɗaya. Bayan biki kuwa in kika sa ta zuwa asibiti ko gidan suna, sai ki haɗu da mata uku sanye da irinta, kowa ya san ta bikin wance ce. Ita ma ta bi 'yan uwanta ƙasan akwati. Ki zazzage akwatunan nan ki ware waɗanda ke da kanki kika gani kika so kika saya, za ki ga ba su taka kara sun karya ba.

Ba zan ce miki ki daina anko gaba ɗaya ba. Masu cewa haka ba su zauna cikin dangi ba. Anko yana da amfaninsa: ranar biki mai kuɗi da marar kuɗi sutura ɗaya suke sawa, babu mai raina ta wata, kuma uwar biki tana ganin gayyarta ta ji daɗi. Abin da nake so shi ne ke ki riƙe linzamin. Tun kafin kaka, ki zauna ki yanke wa kanki adadin da za ki iya a shekara, ko biyu ko uku, ki kuma san na su waye: wanda kuka fito ciki ɗaya, 'ya'yansu, da 'yan ɗakin su maigida. Ragowar, bikin 'yar ƙawar yayarki da na maƙwabciyar gwaggo, gudummawa ta isa.

Yadda za ki faɗa shi ne rabin aikin. Kada ki bari sai an aiko miki da turmi gida sannan ki mayar, wannan shi ne abin da ke zama magana. Da kin ji an sa rana, ki shirya ki je da ƙafarki, ki gaishe da uwar biki, ki ce: "Yaya, bana abubuwa sun yi mini yawa, ba zan samu yin anko ba. Amma ga wannan ba yawa, a ƙara a kayan ɗaki, kuma in sha Allahu tun ranar jajibiri ina nan." Ki ba ta rabin abin da anko da ɗinki za su ci, ko ki kai kwalbar man gyaɗa daga naki. Ki duba fa, kuɗin anko mai shago da tela ne suke cinye shi, ko sisi ba ya shiga ɗakin amarya. Gudummawa kuwa hannun uwar biki take faɗawa a lokacin da take neman na gishiri. Sannan ki cika alkawari, ki zo da wuri, ki kama girki da wanke-wanke. Wadda ta wuni a bakin tukunya ba a ce mata ta yanke zumunci.

Za a yi magana? Za a yi. Wata za ta ce kin fara maƙo, wata ta ce ko maigida ne ya karye. Magana ce ta mako biyu, sai wani bikin ya taso a manta. Kuma ina tabbatar miki a cikin matan da ke sayen nan akwai waɗanda bashi suke ci, suna jiran wadda za ta fara cewa a'a ne kawai. In bikin ya zo ɗakinku, inda kike da baki, ki kawo shawarar a yi ankon kala: a ce kowa ta sa kore ko ruwan hoda daga abin da take da shi, ko a tsaya a mayafi iri ɗaya. Hoto yana yin kyau, ba a tilasta wa kowa ba. Ta fuskar addini ma ba ki da abin tsoro. An so mutum ya yi ado ya fito fes, abin da aka hana shi ne almubazzaranci, kuma malamai ba su ce zumunci yana rataye da atamfa ba.

Amsar "da wane kuɗin" ke nan. Anko biyar da kika tsallake, ko bayan kin cire gudummawa, sun isa turmi ɗaya mai kyau da ɗinkinsa. In kika ɗauki adashi, ki saye shi a lokacin da kasuwa ta lafa, kada ki bari sai azumi ya raba tsakiya, lokacin da kaya suke tashi, teloli kuma suke kwana a kan keke suna ɗinkin da ko su ba sa alfahari da shi. Ki kai ɗinki wata biyu kafin salla. Ki ce wa tela ya bar miki rara a cikin gefe, don jikin mace yana canjawa da haihuwa da shayarwa, rigar da ba ta da rara kuwa ranar da ta matse ta gama aiki. Ki juya ɗinkin ki duba ko ya bi bakin yankan ya kashe shi, in ba haka ba zai riƙa zarewa. Kuma ki guji ɗinkin yayi a kan atamfa mai kyau, irin mai duwatsun manne da yanke-yanke. Duwatsun suna zubewa a wanki, yayin kuma yana wucewa kafin atamfar ta tsufa. Riga da zane da ɗankwali, ko doguwar riga sassauƙa, ba a taɓa cewa sun wuce yayi ba.

Wanki ma yana kashe kaya fiye da sawa. Kada ki jiƙa atamfa a garin sabulu ta kwana. Ruwan sanyi, sabulu mai sauƙi, ki wanke ta ita kaɗai a karon farko, ki juya ta ciki waje, ki shanya a inuwa. Ranar Ikara in ta samu atamfa a kan igiya daga hantsi zuwa la'asar, ko ta nawa ce sai ta ci kalarta. Ki tabbata ta bushe sarai kafin ki ninke, musamman da damina, ki jefa kafur a akwatin.

Wannan duk a kan kayanki ne da na maigida. Na yara hukuncinsu daban. Yaron da zai fi ƙarfin riga cikin wata takwas, yana hawan bishiya yana birgima a ƙasa, saya masa mai tsada asara ce. A nan gwanjo ba abin kunya ba ne, in kika samu ranar da aka fasa sabuwar dila kika zaɓa da kanki. Sai dai shi ma gwanjon ya canja, domin Turawan da ke zubar da shi su ma sun koma sayen kayan sa-ka-yar. A kasuwar Kantamanto ta birnin Accra, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin gwanjo na duniya, 'yan kasuwa sun daɗe suna kukan cewa kaso mai yawa na abin da ke cikin dila shara ce da ba ta sayuwa. Don haka ki duba hammata da wuya da tsakiyar wando kafin ki biya. Inda ya kamata ki ɗan saki hannu a kayan yara shi ne yadin makaranta, tunda kwana biyar a mako ake sa shi, kuma in ya yi ƙarko ƙane zai gada.

Akwatunan da ke ɗakinki kuwa, ki samu rana ki zazzage su a tabarma. Waɗanda jikinsu da sauran ƙarfi amma ɗinkin ne ya ɓata su, tela zai iya kwance su ya fitar wa 'yan matanki riguna, kin huta da kayan sallarsu. Masu haske da suka koɗe, in auduga ne, marina za su tura miki su su koma shuɗi ko baƙi. Waɗanda ba ki sa ba shekara biyu alhali lafiyarsu ƙalau, akwai mai buƙatarsu a unguwarku, kin kuma san ta, ki ba ta a ɓoye. In kuɗi kike so, dillaliya za ta karɓa. Jakar bakkon nan dai ta fita daga ƙarƙashin gado.

Maigida ma ki sa shi a cikin shawarar. In ya sayar da amfanin gona ya tashi yi miki kayan salla, ki lallaɓa shi ya haɗa kuɗin turmi biyun da ya saba saye a yi ɗaya, kuma ki roƙa a tafi da ke ko a ba ki kuɗin a hannu, domin namiji in ya shiga shagon atamfa abin da mai shago ya miƙo masa shi yake ɗaukowa. Amma in ƙanwarsa ce za ta yi aure a Hunƙuyi, kuma surukarki ce da kanta ta fitar da ankon, to ƙanwata, ko da roba ce zalla ki saya, ki ɗinka, ki sa, ki yi murmushi a hoto.